Zarton Tsaga

Zarton ya sake maƙalewa a tsakiyar katakon. Saja Elisha ya ja, ya tura, ya murɗa, katakon ya riƙe ƙarfen gam ya ƙi saki. Ya taka shi da ƙafa ya fizga da ƙarfin tsiya, sai ga shi zaune daɓas a kan kunyar alayyafo, zarton a hannunsa ya lanƙwashe, katakon kuma ya dare ta inda ba a aike shi ba.

"Kai! Wannan wane irin wulaƙanci ne?"

Matarsa Juliana tana bakin rijiya tana wanke tukwane. Ta ɗago ta dube shi, ta mai da kanta ga aikinta. Da ma dariya ta yi, da ya samu wanda zai yi wa faɗa.

Ɗakin da ya jawo masa wannan wahala yana ƙarshen lambun bayan gidansu a Unguwar Boro, ɗan ƙaramin ɗakin katako kusa da bishiyar gwanda. Shi ya kafa shi da hannunsa bayan ya ajiye kaki, 'yan watanni kafin manyansa su ma su ajiye mulki. Bangon dai ba laifi. Rufin ne ya kunyata shi. Ya shimfiɗa kwanon a kwance, ba tudu ba gangara, domin shi a duniyarsa abu mai kyau shi ne abin da ya miƙe sak. Ruwan farko da ya sauka ya rasa inda zai bi, ya kwanta a kan kwanon ya yi tafki, ya riƙa bin ramukan ƙusa yana ɗiga ciki.

Maƙwabcinsa Bitrus, wanda ke aiki a masaƙa a Kakuri, shi ya leƙo ta katanga ya ba shi dabara. A cire kwanon, a ɗora wa kowane katakon rufi dogon weji, mai kauri ta gaba, yana sirancewa har ya ƙare a baya, sannan a mayar da kwanon. Ruwa zai ga gangara ya bi. Wejin kuma ba sayarwa ake yi ba, sai mutum ya ɗauki katakon tubaifo, mai inci biyu da huɗu, ya tsaga shi a karkace, daga wannan kusurwa har waccan. A baki abin ba wuya. Bitrus ya ara masa zarto ya wuce wurin aiki, ya bar shi da tarin katakai, yana lalata su ɗaya bayan ɗaya.

Duk wanda ya tambaya, Elisha cewa yake ɗakin ajiyar masara ne. Haka ya gaya wa Bitrus, haka ya gaya wa fasto. Amma masara ba ta buƙatar gadon soja mai naɗewa, kuma ba ta buƙatar sakata ta ciki. Wurin kwanansa yake ginawa. Tun da ya dawo daga yaƙin Saliyo barcinsa ya daina zama nasa. Yakan yi ihu, yakan kai duka. Ana gab da Ista ya farka ya tarar da hannayensa biyu a wuyan Juliana, idanunta sun firfito. Ta yi ta yawo da ɗankwali naɗe a wuya, tana ce wa matan zumunta mura ce ta kama ta. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba. Washegari dai ya sayo katako. Tun daga nan a kujerar falo yake gyangyaɗi, amma falo taku kaɗan ne zuwa ɗakinta. Tsoro yake ji, tsoron hannayensa. So yake ya sa tazara tsakaninsa da ita, da ƙofar da zai kulle da kansa, kafin wata rana ya farka ya tarar ya makara.

"Baban Becky," in ji Juliana daga bakin rijiya, "ka zo ka sha kunu kafin ya huce."

"Ba na sha."

"Masarar da ko kai ba ta fitar ba ake wa wannan gaggawa? Ka bari sai kaka mana."

"Ke ba kya ganin hadari kullum?"

"Ina gani. In ya zuba ai ƙasa ya zuba wa. Wa ke ciki?"

Ya yi mata wani kallo, ita kuwa ta ci gaba da dirzar tukunya. Haka take yi masa tun da ya fara aikin nan. Ranar da zai ɗora kwano ta ba 'yan kwaya, mawaƙan cocinsu, aron tsani, wai za su gyara labulen coci. Gudumarsa ta ɓace, daga baya aka same ta a cikin buhun gawayi, kuma ba wanda ya san yadda ta shiga. Ba ta taɓa cewa kada ya gina ba. Da ta faɗa, da ya san yadda zai yi da ita.

Ya ɗauki zarton ya taka shi a ƙasa yana miƙar da shi, ya ƙara lanƙwashewa ta ɗaya gefen. Ya jefar. Ya shiga ya sa riga, ya fito ya saɓa guntun tubaifo a kafaɗa.

"Ina kuma za ka da katako?"

"Kakuri. Ba zan sayi zarto da ido ba. Sai na gwada shi a kan abin da zai yanka."

"To ka taho mana da daddawa," ta ce.

A bas ɗin Kakuri kwandasta ya ga katakon ya ce sai an biya masa kuɗin kujera. Elisha ya ce a kan cinyarsa zai riƙe. Kwandasta ya ce cinyar tasa ba ta kai tsawon katakon ba, ga shi ya tokare wata mata a haƙarƙari. Shekara da shekaru Elisha yana shiga mota da kaki, ba a taɓa miƙa masa hannu ba, har gaban mota ake tashi a ba shi.

"Ka san da wa kake magana?"

"Ko janar ne, Baba, wancan zamani ya wuce. Yanzu dimokuraɗiyya ake yi. Abeg, kawo."

Motar ta ɗauki dariya. Wani mai jarida a baya ya ce ai gara a fara koya musu tun yanzu. Elisha ya biya, ya rungume katakonsa, ya kafa ido a taga har suka sauka.

Wurin masu injin yanka katako ya fara zuwa. Tunaninsa, in inji zai yi aikin cikin ƙiftawar ido, sai ya koma ya ɗauko sauran katakan a baro, ya huta da zancen zarto baki ɗaya. Ya tarar da wurin tsit. Mai injin yana kwance a kan tarin falanki, ya rufe fuska da hula.

"Ba wuta, oga. Nepa sun ɗauke tun jiya."

"Ga janareto can."

"Ba a tayar da shi don ƙaramin aiki."

Elisha ya yi bayanin wejin, yana zana layin da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Mutumin ya ɗaga hular ya duba da ido ɗaya.

"A karkace? Injina miƙe yake yanka. In na karkata katako ya ƙwace ya tsinke min yatsu, kai za ka ciyar da 'ya'yana? Ka nemi zarton hannu."

Ya mayar da hular a fuska. An gama da Saja ke nan.

A layin masu kayan gini kuwa, shawara ce ta yi masa yawa. Da ya tsaya a wani shago ya faɗi abin da yake nema, mutane suka taru kamar an yi hatsari. Wani makanike ya ce ya sayi zarton ƙarfe, abin da ke yanka rodi ai katako ba zai gagare shi ba. Wani mai sayar da itace ya ce ƙarya ne, zarto mai kama da baka shi ne sarki, da shi yake kayar da darbejiya. Wani da ya zo sayen fenti ya ce a bar zarto, a sa adda a fiƙe katakon kamar yadda ake fiƙe turke. Kowa na magana, ba mai sauraren kowa, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa hawa rufi.

Mai shagon, wani matashi mai sarƙa a wuya, ya ture su ya fito da sabon zarto cikin kwali. Dogo ne, yana ƙyalli, ga mariƙin roba ja, haƙoransa ƙanana a jere reras ba wanda ya fita layi. Elisha ya ji ya kwanta masa a rai tun kafin ya taɓa shi. Abu mai tsari, kamar sojoji a fareti.

"Wannan orijinal ne, dadi. Daga waje. Duba yawan haƙoran. Ƙarfin zarto ai a yawan haƙori yake."

"Bari in gwada."

"A'a. In ka yanka, ka saya."

"To ta yaya zan san yana yanka?"

"Ai an rubuta a jikin kwalin."

"Kwalin zan ɗora a rufi? Na ɗauko katako tun daga Unguwar Boro, har kuɗin kujera na biya masa. Ja ɗaya kawai zan yi."

"Dadi, ba na son dogon turanci. In ba ka da kuɗi ka matsa, kana tare min kasuwa."

Yaron ya kai hannu zai karɓe zarton. Elisha bai san lokacin da abin ya faru ba. Ya dai ga hannunsa na dama ya damƙe kwalar rigar yaron har da sarƙar, ya ɗaga shi sai yatsun ƙafarsa ne ke taɓa ƙasa. Idanun yaron suka firfito. Elisha ya san irin waɗannan idanun, ya taɓa ganinsu a kan filo a cikin ɗakinsa. Ya saki rigar da sauri, ya ajiye zarton a kan teburi a hankali, ya ce, "Yi haƙuri." Ya ɗauki katakonsa ya ratsa mutane, suna dare masa hanya. Sai da ya yi nisa yaron ya samu murya ya fara zagi.

Ya yi ta tafiya bai san inda ya nufa ba, ya cusa hannun a aljihu. Da rana tsaka ke nan, ido biyu, a kan zarto. To ina ga cikin barci? Yau ɗin nan sai an gama rufin, ko da haƙoransa zai tsaga katakon.

Ƙarar gugar ƙarfe ce ta tsayar da shi a bayan kasuwa, kusa da layin dogo. Wani dattijo ne zaune ƙarƙashin rumfar buhu, ya matse zarto tsakanin katakai biyu yana wasa haƙoransa da magagari. A jikin katanga ya jingina tsofaffin zartuna na sayarwa, duk sun yi baƙi, wasu an ɗaure mariƙinsu da waya. Masu wucewa suna gaishe shi da Malam Abubakar.

"Sannu da aiki, Malam. Ana gwadawa kafin a saya?"

"In ba a gwada ba me za a saya? Ga benci nan. Gwada duka, ba ruwana."

Elisha ya ɗora katakon, ya zaɓi wanda ya fi kama da na shagon, mai ƙananan haƙora. Ya kafa shi a kan katakon ya bi tsawonsa. Ya ja ya tura har gumi ya keto masa, garin katako kaɗan ne ke zuba, laushi kamar garin tuwo, zarton kuma bai ci gaba ba sai ɗan kaɗan. Ya ajiye. Ya ɗauki mai kama da baka, ya shiga da zafinsa, amma ya riƙa yawo hagu da dama, da ya yi zurfi kuma bakan ya tokare katakon ya tsaya. Ya yi tsaki. Saura wani mummuna a ƙarshen layi, faffaɗa, haƙoransa manya jefi-jefi, kamar bakin tsohon da ya sha goro. Don dai kada a ce bai gwada ba ya ɗauka.

Turawar farko ya ji bambanci a kafaɗarsa. Zarton ya nutse, garin katako ya zubo ɓarza-ɓarza, yankan ya bi tsawon katakon yana tafiya. Ya ƙara turawa, ya ƙara. Bai so ya tsaya ba.

"Na tsaga ke nan," in ji Malam Abubakar, bai ko ɗago ba. "Na farkon da ka ɗauka na gicciye ne, na datse katako gida biyu. Kowa da aikinsa. Me za ka yi da shi?"

Elisha ya yi bayanin rufin da wejin.

"To kawo in buɗe masa haƙora. Katakonka ɗanye ne, zai matse shi."

Ya karɓa ya matse shi, ya riƙa lanƙwasa haƙoran kaɗan-kaɗan, wannan hagu, na gaba dama, don hanyar da za su buɗe ta fi kaurin zarton. Elisha yana tsaye yana kallon sama. Gabas ta fara haɗa baƙi. Dattijon kuwa aikinsa yake a natse, yana yi yana amsa gaisuwa, har da tambayar lafiyar iyalin masu wucewa. Sau biyu Elisha ya buɗe baki zai ce a yi sauri, ya tuna kwalar yaron, ya rufe.

"Kana da mai riƙe maka?" Malam Abubakar ya tambaya yana miƙa masa zarton.

"Ni kaɗai ne."

"Doguwar tsaga a karkace? Sai da wani a bayanka, ya danne katakon, ya cusa tsinke a inda ka wuce don kada ya rufe. In kai kaɗai ne za ka sha wahala, kuma kada ka dawo ka ce laifin zartona ne."

"Na saba yin abu ni kaɗai."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Ya bar guntun katakon a wurin don kada ya sake haɗuwa da kwandasta. Jiniyar masaƙa tana kukan canjin aiki lokacin da ya samu mota. Sai da ya sauka a Unguwar Boro ya tuna da daddawa, ya ce oho.

Bai ko shiga gida ba, lambu ya wuce. Ya ɗora sabon tubaifo a kan turmi da kujerar tsuguno, ya shafa wa zare gawayi, ya ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa ya ɗana, baƙin layi ya fito sak. Ya kafa zarton. Farkon yankan ya tafi lafiya lau, har ya fara jin daɗi. Da ya yi nisa sai katakon ya fara rawa, ƙarshensa yana tsalle a kan turmi. Ya danne da gwiwa, layin ya ɓace masa. Ya koma ya gyara, ɓangarorin da ya riga ya tsaga suka haɗe a bayansa suka cije zarton. Abin da ya faru da safe ya dawo, da sabon zarto, da haƙoran da aka buɗe, da komai.

Ya saki mariƙin ya tsaya, hannaye a ƙugu. Iska ta fara kaɗa ganyen gwanda. Ji yake kamar ya ɗauki katakon ya rotsa ɗakin da shi, ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Mutumin da ya riƙe gada a Saliyo da mutum takwas, yau guntun itace ya gagare shi.

Sai ya ji katakon ya daina motsi. Ya waiwaya. Juliana ce ta zo ta zauna a kan ƙarshensa, ta gyara zaninta. A hannunta akwai tsohuwar muciya da ta fashe. Ta cusa siririn bakinta a cikin tsagar ta danna, tsagar ta buɗe, zarton ya saki.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Haka ake yi wa itacen girki in ya kama gatari. Yanka mana, hadari na zuwa."

Ya tsaya yana dubanta. Matar da ta ba da aron tsani ce wannan?

"Na gaji da ɓoye guduma," ta ce. "Na ga ba fasawa za ka yi ba. Yanka."

Ya yanka. Yana gaba tana matso da muciyar a bayansa. Da ya kai ƙarshe katakon ya rabu biyu, kowane ɓari weji ne cikakke, mai kauri ta nan, siriri ta can. Shi bai ma lura ba sai yanzu cewa yanka ɗaya weji biyu yake bayarwa. Suka ɗora na gaba. Kafaɗarsa ta yi zafi, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, bai tsaya ba. Ita ma gumi ya jiƙa mata riga, garin katako ya yi mata fari a gira.

Ya hau tsani ya ɓamɓare kwanon, tana miƙo masa wejin ɗaya-ɗaya, tana faɗa masa in ya juya mai kaurin ta baya. Sau ɗaya ya yi gardama, ya duba ya ga ita ce da gaskiya, ya juya shi. Iska ta so ƙwace masa fallen kwano na ƙarshe, ya kwanta a kansa ya buga ƙusa. Yana saukowa ɗigon farko ya faɗo masa a ƙeya.

Cikin ɗakin suka fake, domin shi ya fi kusa. Ruwan ya sauko da ƙarfinsa, ƙarar kwano ta cika musu kunne. Elisha ya ɗaga kai yana bin ramukan ƙusa ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗigo. Ta bayan ɗakin yana jin ruwa yana kwarara yana faɗawa lambatu. Ya yi nasara ke nan. Ya jira ya ji daɗi, daɗin bai zo ba. Ga gadon soja a jingine, ga sakata a ƙofa, ga ɗakin ya bushe. Ba sauran abin da zai hana shi.

Ya yi gyaran murya. "Yau a nan zan kwana. In ga ko zai yi yoyo."

Juliana ta juya. Ta je bakin ƙofar ta buɗe hannuwanta ta auna faɗinta, ta riƙe awon a iska tana dubawa, ta sake aunawa.

"Gadon ba zai shiga ba," ta ce.

"Ga shi nan a ciki."

"Ba wannan abin shanyar kaya ba. Gadonmu. Na ƙarfe ne, kuma ka san an yi masa walda, ba ya kwancewa."

Sai da ya ɗan jima kafin maganar ta shige shi. Da ta shige shi, ransa ya ɓaci fiye da yadda kwandasta da mai inji da mai shago suka ɓata shi a haɗe.

"Maman Becky, kada ki mai da ni mahaukaci. Duk wahalar nan da na sha? Kin san abin da ya sa na gina ɗakin nan."

"Na sani tun ranar da ka sayo katako. Wuyana ne ai, ba na maƙwabta ba."

"Yau a kasuwa na shaƙe ɗan mutane. Ido biyu! A kan zarto!" Ya dubi wuyanta. "Zan iya kashe ki, Juliana."

Wannan ne karo na farko da maganar ta fito daga bakin ɗayansu. Maganar ta tsaya a tsakaninsu, ga ruwa yana dukan kwano.

"Za ka iya," ta ce. "Kana tsammani ba na tsoro? Ina ji. Amma ranar nan ba kai ka farka da kanka ba. Sunanka na kira, da ɗan numfashin da ya rage min, ka ji, ka sake ni. Duk daren da ka fara ihu a falo, ni nake fitowa in tsaya daga nesa in kira ka har ka yi shiru. Kai ba ka sani ba, da safe cewa kake ka yi barci lafiya. In ka zo nan ka sa sakata, ka koma can inda kake komawa, wa zai kira sunanka?"

Ya dubi hannayensa, duk bororo da baƙin gawayi.

"Gobe kuma za mu je asibiti ka gaya wa likita da bakinka," ta ce. "Na gaji da mura."

Ta sunkuya ta tsinci ƙusa a ƙasa, ta koma bakin ƙofar, ta ƙarta layi a jikin katakon bango daga sama har ƙasa, tazarar tafin hannu daga ƙofar.

"In ruwa ya ɗauke, daga nan za ka yanka."

Elisha ya daɗe yana kallon layin. Layin ya ɗan karkace daga ƙasa, ba da zare aka ja shi ba. Ruwan ya fara sassautawa, ana jin muryar Bitrus a bayan katanga yana kiran yara su kwashe bokitai. Ya sunkuya ya ɗauki zarton, ya share garin katakon da ke haƙoransa da babban yatsa.

"Matsar da shi gaba kaɗan," ya ce. "Ƙafar gadon ta baya a buɗe take."